Takrolimus ko Saiklosforin: Wanne Ya Fi Dacewa da Wanda Aka Yi wa Dashen Ƙoda?

Duk wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ya fara wannan aiki a 2002, ko a Indiya da Masar inda mutanenmu da yawa ke zuwa, zai koma gida da magunguna, yawanci iri uku, na danne garkuwar jiki. Ginshiƙinsu ɗaya ne cikin biyu: takrolimus ko saiklosforin. Ba a haɗa su, dole a ɗauki ɗaya, kuma wanda aka ɗauka yawanci mutum zai yi ta shan sa muddin ƙodar tana aiki. Galibin asibitocin duniya yanzu da takrolimus suke farawa, kuma suna da hujja mai ƙarfi. Sai dai akwai marasa lafiyar da saiklosforin ya fi musu, akwai kuma abubuwan da suka shafi jininmu da cututtukan yankinmu da ke sauya lissafin. Kafin a kai can, sai an san abin da magungunan biyu suke tarewa a cikin ƙwayar T, domin daga nan amfaninsu da illarsu duka suka samo asali.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar T

Ƙwayoyin T wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini, su ne ke gane baƙon abu a jiki. Idan ƙwayar T ta ci karo da alamar baƙuwar ƙoda, saƙo yakan shiga cikinta, wani sinadari mai suna IP3 ya sa rumbun kalsiyam na cikin ƙwayar ya zubar da abin da ke ciki. Da rumbun ya yi ƙasa, furotin STIM1 yakan buɗe mashigar ORAI1 da ke jikin fatar ƙwayar, kalsiyam na waje ya dinga kwarara ciki na tsawon sa'o'i. Wannan kalsiyam shi ke tada wani enzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki a cikin ƙwaya, mai suna kalsiniyurin.

Aikin kalsiniyurin shi ne sakin NFAT. NFAT furotin ne daga cikin waɗanda ke hawa kan DNA su buɗe karatun wasu ƙwayoyin gado, kuma ɗakin binciken Gerald Crabtree na Jami'ar Stanford ne ya bayyana shi a 1988. Lokacin da ƙwayar T take hutawa, NFAT yana zaune a wajen cibiyar ƙwaya, an liƙa masa ƙwayoyin fosfet fiye da goma da suka rufe sashen da zai ba shi izinin shiga. Kalsiniyurin yana cire waɗannan fosfet, cikin 'yan mintoci NFAT ya shige cibiya. A can yakan haɗu da abokin aikinsa AP-1, su biyun su kunna ƙwayar gadon IL-2 da wasu da dama. IL-2 kuwa shi ne sinadarin da ke sa ƙwayar T guda ta hayayyafa ta zama dubbai, su far wa ƙodar da aka dasa.

Saiklosforin idan ya shiga ƙwaya yana kama wani furotin mai suna saiklofilin. Takrolimus kuma FKBP12 yake kamawa. A 1991 Jun Liu da Stuart Schreiber na Harvard suka nuna cewa waɗannan haɗe-haɗen guda biyu, duk da siffarsu ta sha bamban, wuri ɗaya suke zuwa: sukan toshe kalsiniyurin, NFAT ya kasa shiga cibiya, IL-2 ya yanke. Shi ya sa ba a ba mutum su tare. Ƙarin ƙarfin da za a samu kaɗan ne, gubar da za ta taru a ƙoda kuwa ta ninku.

Akwai wani ɓangare na labarin NFAT da ya kamata mai zaɓen magani ya riƙe. Abin da NFAT ke yi ya danganta da wanda ya tarar a cibiya. Tare da AP-1 yana tada faɗa. Shi kaɗai, ba AP-1, yana kunna tsarin da ke sanyaya ƙwayar T ta daina amsa kira. Tare da wani furotin mai suna FOXP3 kuma yana gina ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda ke hana garkuwar jiki wuce gona da iri. Binciken FOXP3 da waɗannan ƙwayoyin ne ya jawo wa Mary Brunkow da Fred Ramsdell da Shimon Sakaguchi kyautar Nobel ta 2025. Masu tsawatarwar ba sa yin IL-2 da kansu, a kan na sauran ƙwayoyin T suke rayuwa. To idan magani ya toshe NFAT, ya kashe wutar mahara, amma ya rage abincin masu tsawatarwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa mutum zai shekara goma yana shan takrolimus ko saiklosforin jikinsa bai koyi zama lafiya da ƙodar ba, ya kuma ƙi ta idan ya daina sha. A wannan fanni babu wanda ya fi wani cikin biyun.

Asalinsu da abin da gwaji ya nuna

Saiklosforin ya fito daga wani naman gwari mai suna Tolypocladium inflatum da aka samu a ƙasar da aka ɗebo daga Norway, kamfanin Sandoz na Suwizalan ya sarrafa shi. Roy Calne ya fara ba masu dashen ƙoda shi a Cambridge a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983, kuma shi ne ya mayar da dashe aikin yau da kullum. Takrolimus kuma masu binciken kamfanin Fujisawa ne suka samo shi a 1984 daga wata bakteriyar ƙasa a gindin Dutsen Tsukuba na Japan. Thomas Starzl ya gwada shi a Pittsburgh daga 1989, aka amince da shi don dashen hanta a 1994, don ƙoda a 1997.

Gwajin da ya raba gardama shi ne ELITE-Symphony, wanda aka wallafa a 2007, mai marasa lafiya 1,645. Kowa ya sami maikofenolet da sitiroyid, waɗanda su ma magungunan danne garkuwa ne, sannan aka kasa su huɗu. Cikin shekarar farko, waɗanda aka tabbatar jikinsu ya yi yunƙurin ƙin ƙodar ta hanyar yankar ɗan tsokarta a duba sun kai kashi 12.3 cikin 100 a rukunin takrolimus mai ƙaramin awo, kashi 25.8 a rukunin saiklosforin na cikakken awo, kashi 24 a na ƙaramin awo, sai kashi 37.2 a rukunin sirolimus, wani maganin danne garkuwa na daban. Ƙarfin tacewar ƙoda ma ya fi a rukunin takrolimus, wajen mililita 65 a minti, sauran kuma tsakanin 57 da 59. Ciwon suga sabo ne inda takrolimus ya gaza: kashi 10.6, alhali a rukunonin saiklosforin kashi 6.4 ne da 4.7.

Wani nazari na 2005 da ya tattara gwaje-gwaje 30 masu mutum 4,102 ya fitar da lissafin da ya fi sauƙin riƙewa. Idan aka ba mutum 100 takrolimus maimakon saiklosforin na shekara guda, za a kare 12 daga farmakin ƙin dashe, 2 daga rasa ƙodar baki ɗaya, amma ƙarin mutum 5 za su kamu da ciwon suga mai buƙatar allurar insulin. Bisa irin wannan hujja ce jagorar 2009 ta ƙungiyar masana cutar ƙoda ta duniya, KDIGO, ta ba da shawarar a fara da takrolimus. A ganina shawarar daidai ce, musamman a wurin da rasa ƙoda yake nufin komawa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako da kuɗin aljihu.

Illolin da suka bambanta su

Dukansu suna cutar da ƙodar da aka ba su su kare. Suna matse ƙaramar jijiyar da ke kai jini matatar ƙoda, kiriyatinin, wato dattin jini da ake aunawa don sanin yadda ƙoda ke aiki, ya hau cikin kwanaki idan awo ya yi yawa, kuma wannan yana warwarewa idan an rage. Na dogon zango shi ne tabon da ke taruwa a tsokar ƙoda da bangon jijiyoyi a hankali, wanda ba ya komawa. Dukansu suna ɗaga fotasiyam, su rage magniziyam.

Takrolimus ya fi taɓa suga da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ke yin insulin a saifar suga (pancreas) su ma da kalsiniyurin da NFAT suke aiki, kuma suna da FKBP12 mai yawa, don haka maganin yana taruwa a cikinsu ya rage insulin. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 40, mai ƙiba, mai ciwon suga a dangi, mai ciwon hanta nau'in C, da kuma baƙar fata gaba ɗaya. Rawar hannu, ciwon kai, rashin barci da zafin tafin hannu da ƙafa alamu ne da ake yawan gani idan awo ya haura. Tela ko direba da hannunsa ya fara rawa ya je a auna jininsa kafin ya zargi wani abu dabam. Akwai kuma zubewar gashi da gudawa. Ƙwayar cutar BK, mai lalata ƙodar dashe a ɓoye, ta fi samun sarari a ƙarƙashin takrolimus da maikofenolet, saboda ƙarfin haɗin.

Saiklosforin kuma ya fi ɗaga hawan jini, kitsen jini da sinadarin da ke jawo ciwon gaɓɓai na gawut. Illolinsa biyu a fili suke: kumburin dasashi har ya fara rufe haƙora, da tsirowar gashi a fuska da hannuwa. Kumburin dasashin yana ƙaruwa idan an haɗa shi da nifedifin ko amlodifin, waɗanda su ne magungunan hawan jini da aka fi rubutawa a asibitocinmu. Kada a raina wannan. Budurwa ko amarya da ta ga gashi yana fito mata a haɓa za ta iya daina shan maganin a ɓoye ba ta gaya wa kowa ba, kuma daina shan magani yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙodar dashe a wurin matasa.

Awo da gwajin jini

Ratar da ke tsakanin awon da ke karewa da wanda ke cutarwa ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ba a dogara da nauyin jiki kaɗai. Takrolimus ana fara shi da kimanin miligiram 0.1 zuwa 0.2 a kowane kilo a rana, a raba biyu, sa'a 12 tsakani. Kafsonsa na miligiram 0.5, 1 da 5 ne. Asibitoci da yawa suna neman nanogiram 8 zuwa 12 a kowace mililita ta jini a watannin farko, daga baya 5 zuwa 8. Symphony ya yi aiki da 3 zuwa 7 a takarda, ko da yake yawancin marasa lafiyar sun zauna a saman wannan iyaka. Saiklosforin yana da kafso na miligiram 25, 50 da 100, da na ruwa mai miligiram 100 a mililita. Ana neman wajen nanogiram 150 zuwa 300 da farko, sannan 100 zuwa 200 ko ƙasa da haka.

Kuskuren da aka fi yi a wajen ɗibar jini yake. Ana ɗibar sa ne da safe, sa'a 12 bayan awon dare, kafin a sha na safe, a kwalba mai murfi launin shunayya mai EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, kuma ba a tace shi domin maganin a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake zama. Wanda ya sha maganin kafin ya je ɗakin gwaji zai sami sakamako mai tsawo na ƙarya, likita ya rage awo, bayan makonni jiki ya far wa ƙodar. Idan an sauya awo a jira kwana biyu zuwa uku kafin a sake aunawa. A nan takrolimus ya fi sauƙi, domin gwajin kafin sha yana nuna yawan maganin da ya ratsa jiki daidai gwargwado. Na saiklosforin bai kai haka ba, shi ya sa wasu asibitoci ke auna shi sa'a biyu cif bayan sha, abin da ke da wuyar cikawa ga wanda ya taso daga ƙauye ya tarar da layi.

Abinci yana rage shigar takrolimus jini, musamman mai maiƙo. A sha shi sa'a ɗaya kafin abinci ko biyu zuwa uku bayansa, a kuma tsaya kan tsari ɗaya kullum. Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne gudawa tana ɗaga takrolimus a jini. Bangon hanji yana da enzayim ɗin da ke lalata wani kaso na maganin kafin ya shiga jini, gudawa tana gurgunta wannan bango, sai maganin ya shige da yawa a daidai lokacin da ruwan jiki ya ƙare. Gudawar kwana biyu ga mai shan takrolimus dalili ce ta zuwa asibiti.

Jinin Afirka da CYP3A5

Wannan shi ne abin da takardar cikin kwali ba ta cika jaddadawa ba. Hanta da hanji suna narka takrolimus da enzayim biyu, CYP3A4 da CYP3A5. Galibin Turawa sun gaji nau'in CYP3A5 da ba ya aiki, galibin mutanen Afirka ta Yamma kuwa nasu yana aiki. Ma'ana Bahaushe zai iya shan awon da ya wadatar da Bature mai nauyinsa, gwaji ya nuna rabin abin da ake nema. Jagorar 2015 ta CPIC, ƙungiyar masana da ke daidaita awon magani da ƙwayoyin gado, ta ce wanda enzayim ɗinsa ke aiki a fara masa da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na awon da aka saba, kada ya wuce miligiram 0.3 a kilo a rana. Inda ba a yin gwajin ƙwayar gado, gwajin jini akai-akai a makonnin farko shi ke maye gurbinsa.

Abin yana taɓa aljihu kai tsaye, domin mai narka magani da sauri zai sayi kafso kusan ninki biyu. Yana kuma taɓa lafiya: don ya kai awon da ake so a sa'a ta 12, sai maganin ya yi tsiri sosai a jininsa sa'a ɗaya ko biyu bayan sha, kuma wannan tsirin ake dangantawa da rawar hannu. Nau'in takrolimus mai suna Envarsus, mai sakin magani a hankali sau ɗaya a rana, yana rage wannan tsiri, amma ya fi tsada da wuyar samu. Tasirin CYP3A5 a kan saiklosforin ƙarami ne, kuma wannan yana cikin 'yan wuraren da tsohon maganin ya fi kwanciyar hankali a jininmu.

Magungunan da ke karo da su

Rifamfisin, jigon maganin tarin fuka, yana zaburar da hanta ta narka dukansu biyun, har yawan maganin a jini ya faɗi ƙasa warwas cikin 'yan kwanaki. Akan ninka awo sau uku zuwa biyar, ko a musanya shi da rifabutin idan akwai. Haɗari na biyu yana zuwa ne bayan an gama maganin tarin: hanta tana komawa daidai cikin kamar mako biyu, idan ba a sauke awon ba mutum ya sha guba. Magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin, fenitoyin da fenobabiton su ma haka suke yi.

Masu ɗaga yawan maganin a jini sun haɗa da eritromaisin, klaritromaisin, fulukonazol, ketokonazol, diltiyazem, da ritonabir na cikin wasu magungunan HIV. Azitromaisin da dolutegrabir ba su da wannan matsala sosai. Likitocin Mansura a Masar sun daɗe suna haɗa ƙaramin awon ketokonazol da gangan don a rage yawan kafson da mara lafiya zai saya. Dabara ce mai aiki, amma sai inda ake da gwajin jini a hannu, domin ranar da ketokonazol ya yanke awon zai rushe. Diklofenak da ibufurofen, da ake saya a kemis ba takarda, suna ƙara matse jijiyoyin ƙoda, a bar su gaba ɗaya a koma farasitamol. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba su ma a bar su.

Saiklosforin yana da nasa rigingimun na daban. Yana ɗaga magungunan rage kitsen jini har tsoka ta narke, don haka ba a haɗa shi da simbastatin, an fi son fulubastatin ko farabastatin a ƙaramin awo. Yana kuma rage maikofenolet a jini ta hanyar tare dawowarsa daga hanji, shi ya sa mai shan saiklosforin yake buƙatar cikakken giram ɗaya sau biyu a rana, wanda aka mayar kan takrolimus kuma akan iya rage masa idan gudawa ko ƙarancin fararen ƙwayoyin jini ya bayyana.

To wa zai sha wanne?

Wanda haɗarin ƙin dashe ya yi masa yawa, wato dashe na biyu ne, ko an sha ƙara masa jini lokacin wankin ƙoda, ko mace mai haihuwa da yawa, ko wanda ya ba shi ƙodar ba ɗan'uwansa na jini ba ne, takrolimus ya kamace shi ko da suga zai hau, domin suga ana iya sarrafa shi. Matasa da mata, saboda dasashi da gashi, su ma takrolimus. Mai hawan jini da ya ƙi saukowa ko kitsen jini mai yawa shi ma haka.

Saiklosforin yana da gurbi ga dattijo mai ƙiba da sugarsa ke bakin iyaka, wanda ya karɓi ƙodar ɗan'uwa shaƙiƙi da jininsu ya dace sosai. Haka wanda takrolimus ya jawo masa ciwon suga mai wuyar sarrafawa bayan an sauke awo da sitiroyid, ko rawar jiki da ruɗewa da suka ƙi lafawa. Mai ciki kuwa za ta iya ci gaba da kowanne cikin biyun. Maikofenolet ne ake cire mata a sa wani maganin danne garkuwa, azatiyofirin, aƙalla mako shida kafin ɗaukar ciki, kuma yawan takrolimus ko saiklosforin a jini yakan sauka yayin da cikin ke girma.

Kansar fata ta Kaposi, wadda ta fi yawa ga masu dashe a Afirka, tana sa a bar dukansu a koma sirolimus. Shi ma FKBP12 yake kamawa, amma wani furotin na daban mai suna mTOR yake toshewa, bai taɓa NFAT ba, kuma ƙwayoyin T masu tsawatarwa sun fi jure masa. Ba a fara shi nan da nan bayan tiyata domin yana hana rauni warkewa.

Batun azumi yana zuwa kowace shekara. A Kano ko Zinder tsakanin sahur da buɗa-baki sa'a 13 zuwa 14 ne, don haka tazarar sa'a 12 takan koma 14 da 10. Likitoci sukan hana azumi a shekarar farko bayan dashe, da kuma ga wanda kiriyatinin ɗinsa ba ya tsaye. Ga wanda aka yarje wa, takrolimus na sau ɗaya a rana, Advagraf ko Envarsus, ya fi sauƙin tsarawa, kuma azumin da ya faɗo a bazara yana buƙatar a auna kiriyatinin da awon magani a makon farko.

Abu na ƙarshe da zai iya rinjayar duk waɗannan shi ne wanne ake iya aunawa da samu ba yankewa a garin da mara lafiya yake. A tambayi asibitin wane gwaji suke yi, sakamako kwana nawa yake ɗauka, kuma wane kamfani ne maganinsa ba ya yankewa. Sauya kamfani ba ƙaramin abu ba ne: Sandimmun da Neoral duk saiklosforin ne amma shigarsu jini ta bambanta, kuma daga Prograf, takrolimus na sau biyu a rana, zuwa Advagraf jimillar miligiram ta rana ɗaya ce, zuwa Envarsus kuwa ana sauke ta zuwa kashi 70 ko 80 cikin 100. Duk lokacin da kwalin ya canza, a auna jini cikin mako guda. Idan kuma daga saiklosforin za a koma takrolimus, a dakatar da na farkon sa'a 12 zuwa 24 kafin a fara na biyun, a auna jini bayan kwana uku, a sake duba awon maikofenolet da na maganin hawan jini, sannan a dinga auna suga da yamma, domin sitiroyid ɗin safe yana ɓoye hawansa a gwajin asuba.